Sabuwar rauta: wayoyi sun hau, firinta da kyamara da inbata sun ƙi

Hajiya Rabi, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Injiniyoyin wannan zaure, ina neman shawara. An sa mana sabuwar rauta a gida, a kwalinta an rubuta Wi-Fi 6, AX1800. Wayoyinmu duk sun hau, gudun ma ya fi na da. Amma abu huɗu sun ƙi: tsohuwar firinta mai waifai, da ɗan abin nan da ke jikin inbata mai tura bayanin sola zuwa waya, da kyamarar bakin get, da wani laftof na tokumbo. Laftof ɗin ko sunan waifai ɗinmu ba ya gani, alhali yana ganin na maƙwabta. Firintar tana ganin sunan, amma idan an sa faswod sai ta ƙi karɓa. An ce mini sai an mayar da tsaron rautar zuwa WEP kafin tsofaffin kaya su hau. Haka ne?

Injiniya Bashir, Barnawa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada a kusanci WEP. An daɗe da karya shi, yaro mai laftof zai iya fito da faswod ɗin cikin 'yan mintuna, kuma yawancin rautocin Wi-Fi 6 ma sun cire shi. Firintar da ta kai shekara goma ko goma sha biyar ba WEP take buƙata ba, domin WPA2 ya fito tun 2004, kuma daga 2006 duk kayan da ke ɗauke da tambarin Wi-Fi sai yana da shi.

Kayan nan huɗu ba ciwo ɗaya ke damun su ba. Na firintar alamar tsaro ce. Wasu sababbin rautoci suna zuwa a kan WPA3 ko gaurayen WPA2/WPA3, kuma WPA3 sai a 2018 ya fito. Tsohuwar na'ura tana ganin sunan, ta gwada shiga, ta tarar da abin da ba ta sani ba, sai ta ce faswod ba daidai ba ne, don ita kaɗai ce kalmar da ta iya faɗa.

Ga abin da za a yi. A juya rautar, akwai adireshi a takardar da ke manne a ƙasanta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A rubuta shi a burauza daga wayar da ta riga ta hau, a shiga sashen Wireless. Da farko a kashe abin da ake kira Smart Connect ko Band Steering, wanda ke haɗa zango biyu a ƙarƙashin suna ɗaya. Zai rabu biyu: zangon 2.4 GHz da zangon 5 GHz. A ba kowanne sunansa, misali Gida24 da Gida5. A zangon 2.4 a zaɓi WPA2-PSK da AES kawai, faɗin tasha 20 MHz, tasha kuma 1 ko 6 ko 11. Idan akwai wani layi mai suna PMF ko 802.11w, a kashe shi a zangon 2.4 ɗin kaɗai. Zangon 5 a bar shi a WPA2/WPA3. Tsofaffin kaya duk su koma 2.4, wayoyi da talabijin su hau 5.

Malam Nura Mai Sola, Kawo:
Na inbatar ni zan amsa. Logar da ke jikin inbata, wato ɗan abin nan mai tura bayanin sola, kusan dukkansu 2.4 kaɗai suke ji, haka ƙwayayen fitila masu waifai da soket da yawancin kyamarori masu araha. Ƙananan cif ne a cikinsu irin ESP8266, ba su san akwai zangon 5 a duniya ba. Matsalar tana fitowa ne wajen haɗawa: manhajar waya tana ɗaukar waifai ɗin da wayar take kai ta miƙa wa loga, to idan wayar tana kan 5 sai abin ya tsaya a rabi. Da zarar an raba sunayen yadda Injiniya ya ce, a ɗora wayar a kan Gida24, a kashe data ta sim, a ba manhajar izinin Location, sannan a fara.

Idan irin na Solarman ce, akwai hanya ta biyu. Logar tana fitar da nata waifai mai suna AP da lambar jikinta. A hau shi, a buɗe 10.10.100.254 a burauza, a zaɓi sunan rautar gida, a sa faswod, a bari ta sake tashi.

Sai wata dabara da ke rage wahala, Hajiya. Idan kun tuna suna da faswod ɗin tsohuwar rautar, a sa wa zangon 2.4 na sabuwar su daidai, harafi da harafi, babba a babba ƙarami a ƙarami. Kaya ba su san rauta ba, suna da faswod suka sani. Da kansu za su dawo ba sai an hau tsani an taɓa kyamara ba.

Alhaji Garba, Kabala:
Ni abin da na sani shi ne, da zarar tsohon kaya ɗaya ya hau, rauta gaba ɗaya tana saukowa zuwa gudunsa. To meye amfanin kashe kuɗi a kan Wi-Fi 6 sannan a rataya mata firintar zamanin da? A sa wa firintar kebul na USB a huta.

Malama Aisha, Malali:
Ranka ya daɗe, maganar tana da tushe amma ba haka take kai tsaye ba. Rauta tana magana da kowace na'ura da gudun da ita na'urar za ta iya. Wayar da ke 1201 Mbps ba ta koma 54 don firinta ta hau. Kuma zangon biyu rediyo biyu ne daban a cikin akwati ɗaya, abin da ke faruwa a 2.4 bai taɓa 5.

Abin da ake rabawa shi ne lokaci. A tasha ɗaya, na'ura ɗaya ce ke magana, saura su jira. Ɗauki ƙunshi ɗaya na bayit 1500, wato bit 12,000. A gudun 1 Mbps zai ci milisakan 12. A 11 Mbps, kusan 1.1. A 54, wajen 0.22. A 433, wajen 0.03. Kamar lungu ne da mota ɗaya kawai ke iya bi: idan mai kurar ruwa ya shiga, kowa zai jira shi, amma sai lokacin da yake cikin lungun. Firintar da ke zaune shiru tun safe ba ta tare wa kowa hanya. Logar inbata 'yan kilobayit take turawa duk bayan 'yan mintuna, ba a ma jin ta.

Wadda ya kamata a sa wa ido ita ce kyamara, don ba ta yin shiru. A ce tana tura 2 Mbps. Idan siginarta na da kyau ta samu 65 Mbps, kashi 3 cikin ɗari na lokacin tashar take ci. Idan tana can bayan katanga ta faɗo 6.5, ita kaɗai ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku, ban da maimaita abin da ya ɓace a hanya. Kenan sabuwar na'ura mai raunin sigina ta fi tsohuwa da ke kusa da rauta ɓarna.

Inda Alhaji ya yi gaskiya wuri biyu ne. Na ɗaya, kayan 802.11b, tsohuwar ƙa'idar waifai ta 1999. Idan ɗaya ya hau, rauta tana kunna kariya, kowa sai ya aika gajeriyar sanarwa da tsohon salo kafin ya yi magana, wannan kuwa yana rage wa zangon 2.4 gudu sosai. Na biyu, TKIP, tsohon salon ɓoye bayanai da AES ya maye gurbinsa. Idan aka zaɓe shi, ƙa'idar 802.11n da na bayanta ba su yarda da shi ba, sai kowa ya dawo 54 Mbps. Shi ya sa Injiniya ya ce AES kawai.

Alhaji Garba, Kabala:
To na ji, Malama. Kenan a cire b ɗin daga zaɓi, a bar g da n da ax, wato Wi-Fi 6?

Malama Aisha, Malali:
Idan rautar ta ba da wannan zaɓin, a gwada. Akwai riba, domin sanarwar sunanta da rauta ke yi kusan sau goma a daƙiƙa tana fita ne da mafi ƙanƙantar gudun da aka bari, idan an cire b sai ta tashi daga 1 Mbps zuwa 6. Sai dai wasu ƙananan kaya, ko da suna jin n, da gudun b suke fara gaisawa. Idan an cire aka ga loga ko soket sun ɓace, a mayar da shi. A canza abu ɗaya, a jira minti biyar, a duba, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda ba zai san wanne ya gyara ko wanne ya ɓata ba.

Kabiru Mai Gyara, Tudun Wada:
Hajiya, laftof ɗin da ke ganin na maƙwabta ba ya ganin na gida, dalili biyu ne suka fi yawa.

Na farko tasha. Kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka tasha 1 zuwa 11 suke amfani da su a zangon 2.4, wasunsu sam ba sa ganin 12 da 13. Rautar da aka bari a Auto tana sake zaɓen tasha duk lokacin da ta tashi, a nan kuwa ana iya ɗauke wuta sau da yawa a yini. Yau ta faɗa 6, komai lafiya, gobe ta faɗa 13, laftof ya ce babu waifai. Shi ne ciwon nan na "jiya yana yi, yau ba ya yi". Kafe tashar a 1, 6 ko 11 yana kashe shi.

Na biyu draiba, wato manhajar da ke tafiyar da katin waifai na laftof. Katunan Intel irin su Wireless-AC 3160, 3165, 7260, 7265 da 8260, idan tsohon draiba ne a kansu, ba sa nuna sunan rautar Wi-Fi 6 ko kaɗan, kamfanin da kansa ya sanar da haka kuma ya ce a sabunta. Gwajin mai sauƙi ne: a shiga rauta, a mayar da Mode na zangon 2.4 daga b/g/n/ax zuwa b/g/n. Idan sunan ya bayyana nan take, draiba ne. Tunda ya hau, sai a sauke sabon draiba daga shafin wanda ya ƙera katin, a sake kunna laftof, a mayar da ax.

Don a san abin da katin ke iyawa, a buɗe cmd a rubuta netsh wlan show drivers. A duba layin Radio types supported. Idan b, g, n kawai aka gani babu a ko ac, katin 2.4 ne, ba zai taɓa ganin Gida5 ba, kuma ba lalacewa ya yi ba.

Yakubu, Sabon Tasha:
Kabiru, in katin 2.4 ne kawai, ana iya canza shi? Ko sai ɗan USB ɗin nan?

Kabiru Mai Gyara, Tudun Wada:
Ana iya, amma a buɗe a ga ramin tukuna. Yawancin laftof na baya-bayan nan masu rami M.2 2230 ne, AX200 ko AX210 suna zama daidai. Kada a sayi AX201 don an ga lambar ta yi kusa, wannan rabin aikinsa yana cikin furosesa ne, sai Intel ƙarni na 10 zuwa sama. Tsofaffi sosai mini PCIe ne, ramin daban, maɓallan eriyar ma sun fi na M.2 girma. Wasu tsofaffin ThinkPad da HP kuma BIOS ɗinsu yana ƙin katin da ba ya cikin jerinsa, laftof ya ƙi tashi sai an cire. A irin wannan, USB ya fi sauƙi. A karanta kwali: wanda aka rubuta N150 ko N300 zangon 2.4 ne kawai, ba ka ƙara komai ba. A nemi AC600 ko AC1300.

Yakubu, Sabon Tasha:
Ni dai raba sunan nan bai kwanta mini ba. Smart Connect an yi shi ne don waya ta riƙa komawa 2.4 da kanta idan an yi nisa. An raba, sai mutum ya fita tsakar gida waifai ya yanke.

Injiniya Bashir, Barnawa:
Ba zai yanke ba idan ka adana sunayen biyu a wayar, za ta koma Gida24 da kanta. Aibinsa shi ne idan ka dawo falo takan liƙe a can sai ka mayar da ita. Gaskiya ne, gidan da kayansa duk sababbi ne, suna ɗaya ya fi daɗi. Amma suna ɗaya yana nufin tsaro ɗaya a zangon biyu, kenan ko ka sauke kowa zuwa WPA2 saboda firinta, ko ka bar firinta a waje. Wasu rautocin suna da sashe na musamman mai suna IoT Network, suna na uku a zangon 2.4 da nasa tsaron. Wanda tasa ke da shi ya yi amfani da shi ya bar Smart Connect ɗinsa.

A gidajenmu na bulo da rufin kankare, zangon 5 yana raunana sosai bayan bango biyu, don haka 2.4 ba na tsofaffin kaya kaɗai ba ne, shi ne mai kai wa ɗakin baya. Kada a buɗe faɗinsa zuwa 40 MHz don neman gudu. Tashoshi uku ne kawai, 1 da 6 da 11, ba sa hawa kan juna, a unguwa mai cunkoso 40 ɗin rigima da maƙwabta kawai zai jawo.

A zangon 5 kuma a kafe tasha 36, faɗi 80 MHz. Tashoshi 52 zuwa 144 ana raba su da rada, rauta sai ta yi shiru tana saurare na aƙalla daƙiƙa 60 kafin ta fara watsawa a kansu, kuma wasu talabijin ba sa ganin su sam. Shi ya sa bayan an kawo wuta ake ganin Gida24 ya fito, Gida5 bai fito ba, kaya duk su ruga 2.4 su zauna.

Malama Aisha, Malali:
Tunda zangon 2.4 zai zauna a WPA2, faswod ne zai riƙe gidan. A WPA2 mutum na iya ɗaukar gaisuwar da na'ura ke yi da rauta, ya tafi gida ya yi ta gwada kalmomi ba wanda ya sani. Mu kuwa lambar waya muke sawa. Lamba 11 ce, huɗu na farko sanannu ne irin 0803, saura bakwai, wato zaɓi miliyan 10 kacal, kwamfuta mai katin hoto ba ta ɗaukar lokaci a kansu. An yarda da harafi 8 zuwa 63, a sa aƙalla 14, kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna tare da lamba.

Kuma a guji ƙ da ɗ da ɓ a faswod da sunan waifai. Ƙa'idar faswod ɗin WPA2 haruffan ASCII ta tanada, masu lanƙwasa ba sa ciki, waya na iya karɓa firinta ta ƙi. Ɓoye suna ma ba ya ƙara tsaro, tsofaffin kaya kawai yake wahalarwa. WPS kuma, wato haɗawa ta danna maɓalli ba tare da rubuta faswod ba, idan da shi za a haɗa firinta, a danna maɓallin, ta hau, a koma a kashe shi. Ba ya aiki tare da WPA3, wannan ma kan sa a zaci firinta ta mutu.

Hajiya Rabi, Unguwar Rimi:
Allah ya saka muku da alheri. Ɗana ya bi bayanin ɗaya bayan ɗaya. Inbata ta dawo. Laftof ya ga sunan da aka cire ax, an sabunta draiba, yanzu har Gida5 yana hawa. Firintar fitilarta ta tsaya ta daina ƙiftawa, amma idan an tura aiki ba ya fita. Kyamara kuma tana hawa ta sauka.

Kabiru Mai Gyara, Tudun Wada:
Firintar ta hau, adireshinta ne ya canza. Idan tsohuwar rautar irin ta 192.168.8.1 ce, sabuwar kuma 192.168.0.1, kwamfuta tana can tana neman ta a tsohon gida. A sa firintar ta buga takardar saitinta a ga lambar IP. Idan tsohuwar lamba ce har yanzu, an taɓa kafe ta da hannu, a mayar da ita DHCP, wato rauta ta riƙa ba ta adireshi da kanta. Sannan a shiga rauta, sashen Address Reservation, a ɗaure lambar da MAC ɗinta, wato lambar shaidar firintar, don kada ta sake canzawa bayan ɗauke wuta. A cire firintar daga kwamfuta a sake ƙara ta. A kuma tabbatar ba a Guest aka sa ta ba, kuma AP Isolation a kashe yake, don su ne ke hana kayan gida ganin juna. Laftof yana Gida5 firinta tana Gida24 ba matsala ba ce, a cikin rauta haɗe suke.

Malam Nura Mai Sola, Kawo:
Kyamarar nisa ne. A tsaya daidai wurinta da waya mai manhajar auna waifai. Daga -67 dBm zuwa sama lafiya, -75 ta fara rawa, -80 ba za ta zauna ba. Get na ƙarfe da katanga suna cinye sigina, balle idan akwatin kyamarar yana manne da ƙarfen. A duba cajarta ma, da dare fitilun infrared suna ƙara jan wuta, adafta mai rauni kan sa ta sake tashi, a zaci waifai ne. Idan da dare kawai take sauka, a fara canza adafta da mai bolt daidai da na tsohuwar, amfiya kuma daidai ko fiye.

Injiniya Bashir, Barnawa:
Idan sigina ce, Hajiya, kada a yar da tsohuwar rautar, ita ce maganin, muddin tana da ramin LAN. A haɗa ta da laftof ita kaɗai, a canza adireshinta zuwa 192.168.0.2 idan sabuwar 0.1 ce, a kashe DHCP ɗinta, a sa mata suna da faswod irin na Gida24, WPA2 da AES. A sabuwar kuma a sa rabon adireshi ya fara daga 0.100 don kada su yi karo. Idan sabuwar tana tasha 1, a sa tsohuwar a 11. Sai a ja kebul daga LAN na sabuwar zuwa LAN na tsohuwar, ba WAN ba, a ajiye ta a ɗakin da ya fi kusa da get, sama kusa da taga.

Kebul Cat5e ko Cat6, kada tsawonsa ya wuce mita 100. A kankare bakin waya ɗaya kafin a biya: idan fari ya fito a ƙarƙashin ja, alminiyam ne da aka shafa wa tagulla, yana karyewa a cikin kan RJ45. Inda zai bi waje a sa shi cikin bututun PVC saboda rana da damina. Rifita, wato na'urar da ke maimaita sigina ba tare da kebul ba, ba ta kai wannan ba, rediyo ɗaya ne ke ji kuma yake maimaitawa a tasha ɗaya, gudun ya ragu kusan rabi, ga kyamarar da ba ta shiru.

Hajiya Rabi, Unguwar Rimi:
An auna, -81 ne a bakin get. Firinta kuma ta buga. Daga falo zuwa ɗakin mai gadi bai fi mita 25 ba, gobe in sha Allah za a sayo kebul. Tsohuwar rautar tana da ramuka huɗu a baya, ɗaya an rubuta LAN/WAN, wanne za a sa?

Injiniya Bashir, Barnawa:
Kowanne daga cikin ukun da aka rubuta LAN kawai, a bar mai LAN/WAN ɗin. Idan tana da sim a ciki, a cire shi kafin a kunna. A sayi mita 30 don a samu rarar lanƙwasa a kusurwa.